Sahur Ɗin Da Ya Ɓata Hoton Yaya

Ni na ɓata hoton, da kunun gero kofi biyu da dabino bakwai.

Shekarar da soja za su mai da mulki ga farar hula, a garinmu Cadawa kowa na zancen zaɓe, mu muna zancen jinin da wana Abdulmumini ke gani in ya zaga. Maraɗi suka tura mu Yamai, Yamai suka ce ciwon daji ne a ƙarshen hanji, suka tura mu Maroko. Ni aka haɗa da shi, wai na fi baki.

Can akwai wata na'ura. Ana yi wa mutum allurar ruwan sukari mai haske, ciwon mayunwaci ne, sai ya zuƙe, ya fito fes a hoto. Aka ɗauki hoton farko, aka yi sati biyar ana gasa ciwon da wutar wata na'ura ana ba shi magani. Hoto na biyu zai faɗi gaskiya: in hasken ya dushe, a yanke kaɗan a ɗinke, in bai dushe ba, a cire ƙarshen hanjin duka, a maƙala mishi jakar bayan gida a gefen ciki.

Inusa, wani ɗan garin Gazawa mai aikin jinya a can, shi ke mana tafinta. Ana gobe hoto na biyu ya ce, "Gobe Yaya ya zo da azumi."

To, azumi na sani. Kafin asuba na dama kunu da garin da Delu matarshi ta ƙulle mana, na zuba sukari ban yi rowa ba, na haɗa da dabino.

"Kai, ba na jin ci," in ji Yaya.

"Sha, Yaya. Wa ya taɓa azumi ba sahur?"

Ƙarfe bakwai a asibiti suka soki yatsarshi, likita ta dubi abin awon sukari, ta dube ni. Inusa ya dafe kai.

"Malam Hamisu, me ka ba shi?"

"Sahur."

"Sahur! Watan Ramadan na ce maka?"

"Azumi ka ce. Da Hausa ka faɗa, ba da Faransanci ba."

"Ciki wayam nake nufi!"

"To bakinka ciwo yake da ba ka ce haka ba?"

Suka jira har azahar, suka ɗauka. Hoton ya fito dishi-dishi, jiki duk ya ƙoshi da sukari, ba a gane ko ciwon ya mutu ko barci yake. Layin na'urar sai bayan sati biyar, likitan fiɗa kuwa ya ce lokacin yanka ba ya jira, shi kuma ba ya caca da ran mutum.

Yaya bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Suka cire duka. Da aka auna abin da aka cire, aka tarar maganin ya riga ya cinye ciwon saura ƙiris. Yaya ya dawo Cadawa da jaka a gefen cibiya. Shekara ashirin yana sahun farko a masallacin unguwa; yanzu a ɗaki yake salla, shi kaɗai.