Zagin da Inna Ta Tanadar wa Awaki

Duk Tsibiri an san Innata, Tasalla, da abu biyu: miyar ganyen rogo da zagin awaki. Baba, Sarjan Jibo, ya auro ta ne daga wani gari wai shi Ippi, can ƙasar Bangi, lokacin yana sojan Faransa. Hausa ta zauna mata daram, har ta fi 'yan gari iya ciniki. Amma da akuya ta sa baki a tukunyarta, sai harshen garinsu, Banda, ya ɓarke. Mu 'ya'yanta ba mu iya ba. Awaki kaɗai suka samu darasi, su kuwa ba sa amsawa.

A zamanin Shugaba Diori ne, kasuwar gyaɗa na ci. Mijina Ilyasu yana tuƙa kamiyo, wato babbar motar kaya, muna zaune a Sabon Gari cikin Maradi. Wata rana ya shigo yana washe baki, wai garejinsu an kawo sabon mai gyaran mota, Gasto, kuma da bakinsa ya ce shi Banda ne. Ko mayafi ban gyara ba na nufi Tsibiri.

Na zaci Inna za ta yi guɗa. Sai ta zauna a kan turmi.

"Zalihatu, tsoro nike ji," in ji ta. "Tun ba a haihe ki ba rabona da hira da harshen nan. In na buɗe baki na iske ya tahi hwa?"

Duk da haka ta ce a gayyato shi, ta sa aka yanka zakara, ta daka ganyen rogo, ta fito da zanen da take ɓoyo. Ranar Lahadi tsakar gida ya cika da maƙwabta, kowa ya zo aron wani abu da bai buƙata. Ga Gasto nan bayan Ilyasu, dogo, da hular bature da baƙin mai a farce.

Gasto ya durƙusa ya zuba gaisuwa mai tsawo. Inna ta kasa kunne, ta ƙara matsowa. Ta mayar masa da tata, shi kuma ya karkace kai yana murmushin wanda bai gane ba. Suka sake gwadawa. Kalma ɗaya ta haɗu, goma suka wuce. Baba, wanda ya daɗe yana cika baki a majalisa cewa yana jin Banda, ya shiga tsakani, sai ga shi Faransanci yake yi da ƙarfi.

"Ta mance," in ji maƙwabciyarmu Atika, da irin raɗar da ake ji har zaure.

Inna ta tashi ta koma wajen murhu. Na bi ta. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, zuciyata ta karye.

"Ya tahi, ɗiyata. Bakin uwata ya tahi."

Gasto ya lura, ya shiga yi wa Baba bayani da Faransanci, Baba yana mayarwa da Hausa har da ƙari. Wai Banda ba harshe ɗaya ba ne, zuriya ce mai gidaje da yawa: akwai Linda, akwai Langbashe, akwai Mbanza, akwai wasu. Shi Ngbugu ne daga kudu, mutanen Ippi kuwa Linda ne. Kaka ɗaya, amma an daɗe da raba tukunya.

"Kara ce yake yi mini," in ji Inna, ko juyowa ba ta yi ba. "Yaro ne mai kunya. Ku ba shi abinci shi tahi."

Ana haka jar akuyar Atika ta tsallako danga, ta tura kai cikin miyar, ta kifar da ita. Inna ta zabura da muciya. Abin da ke cikinta duka ya fito, da haushin akuya da wanda ba na akuya ba, tiryan-tiryan babu gargada.

Sai muka ga Gasto ya miƙe zumbur. Ya cire hula, ya sunkuyar da kai, ya faɗi wata gajerar magana. Muciya ta tsaya a sama.

Ashe surukarsa 'yar Ippi ce. Duk zaman da ya yi da ita, faɗa kaɗai ta taɓa yi masa, don haka Lindar da ya iya ke nan: zagi daga farko har ƙarshe, da amsa guda ɗaya. Ya rantse wa Baba ko harafi Inna ba ta zubar ba, har ta fi surukar tasa iyawa. Gida ya kaure da dariya. Atika ta ja akuyarta ta fice.

Inna dai ba ta yi dariya ba. Ta ajiye muciya, ta matso kusa da shi, ta yi masa alama ya sake faɗa. Ya sake. Ta ce ya ƙara.

"Inna, mi ya ce?" na tambaye ta.

"Cewa ya yi, 'Ki yi haƙuri, uwa.'"

Tun daga ranar, kowace Lahadi Gasto kan hau keke ya zo Tsibiri a zage shi, ya ci ganyen rogo ya koma. Ni kuwa har yau in na tuna sai idona ya cika. Mu biyar ta haifa, amma ranar aka fara kiranta uwa da bakin da ta kira tata uwar.