Kaset ɗin Ranar Sunana

"Na ce ka kashe abin nan, Lukuman."

"Ba zan kashe ba, Yaya."

"Mata ne a ciki, ba mayafi, ga kalangu. Yanzu da shari'a ta zauna a Kano shi ne za ka juye wannan a faifai kowa ya ɗauka? Ni da nake gaban ɗalibai, me zan ce?"

"Ka ce uwarka ce a ciki."

Uzairu ke nan. Yayana ne, malamin Islamiyya, ya ba ni shekara bakwai. Muna shagon ƙofar gidanmu a Gwarzo, inda nake buga wa mutane takardu da tsohuwar kwamfuta tun da na gama sakandare ban samu gaba ba.

Kaset ɗin na ranar sunana ne. Kawu Sajo, ƙanin Inna, shi ya ɗauka da kyamarar da ya sayo a Jidda, zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da ake layin sabulu da madara. Akuya ma aka yanka mini. Bayan rasuwar Kawu aka tsinci kyamarar a adakarsa, kaset a cikinta, ya fara fumfuna. Na goge shi, na aro wayar haɗi mai kai uku da katin da ke shigar da hoto kwamfuta. Irin wannan aikin ba ya gaggawa. Yadda kaset ya tafi haka kwamfuta take ɗauka, dole ka zauna ka kalli komai.

Inna ta rasu ina aji biyu na firamare. Ko hotonta ɗaya ba mu da shi.

"Sau ɗaya," in ji Uzairu. Ya jawo benci. "Mu ganta, ka kashe."

Hoton yana rawa, launin ya koɗe. Ga Baba a zaure da rawani. Ga wanzami. Sai Kawu ya shiga cikin gida, mata suna guɗa suna ɓuya. Wani ya ƙwala masa kira daga waje. Ya ajiye kyamarar a kan wani abu a ɗakin Inna, ya fita bai kashe ba.

Ga Inna a bakin gado, a karkace, tana gyara ɗankwali. Ashe tana da wushirya. Ban sani ba.

"Allahu Akbar," Uzairu ya faɗa a hankali.

Wata mata ta shigo da goyo, jaririya tana tsala kuka. Uzairu ya matso.

"Wannan ai Gwaggo Fatsuma ce ta Garo."

Surukarsa ke nan, mahaifiyar matarsa Mubina. Ita ma ta daɗe da rasuwa. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, don wannan zumuncin ma aka haɗa auren.

Muryar ta fito da shashsheka, amma kowace kalma ta fita.

"Hajjo, taimake ni da Mubina. Zazzaɓin nan ya ƙafar mini da nono, tun jiya take kuka."

"Miƙo ta," in ji Inna. "Wannan jaririn nawa barci kawai ya iya, ga nonon har zuba yake."

Ta karɓe ta, ta ɗaga riga. Kukan ya tsaya.

Hannuna yana kan kyamarar, na kasa danna komai. Ni ba malami ba ne, amma ko ɗan Islamiyya ya san wannan. Wadda ta sha nonon uwarka ƙanwarka ce.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Uzairu ya miƙe, ya koma ya zauna. Hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. "Mayar baya."

Na mayar. Muka sake ji.

"Wataƙila wata Mubinar ce," na ce.

"'Ya ɗaya Gwaggo ta haifa."

"Sau ɗaya ne fa, Yaya. Na ji ana cewa sai sau biyar."

"A wajen Malik ko tsotso ɗaya ne, in dai ya kai ciki." Da bakinsa ya faɗa, kamar yana biya wa ɗalibai. "Shekara uku da aure, Lukuman. Ga ciki."

"Kaset ba shaida ba ne a gaban alƙali. Duk waɗanda suka sani sun mutu. In goge?"

Ya dube ni. Bai ce goge ba, bai ce bari ba. Kaset yana ta tafiya, kwamfuta tana ta ɗauka. Inna tana jijjiga jaririyar a kan nono, suna hirar tsadar gero.

Ƙofar da ke ɓullewa cikin gida ta buɗe. Mubina ce da kwanon fura, ɗaya hannun ta tokare ƙugu.

"Malam, fura. Kai kuma gwauro, sai ka yi aure za ka sha mai nono." Ta yi dariya, idonta ya kai kan kwamfuta. "Lah! Ga Ummata! Ita da Inna!"

Ta dire kwanon, ta sunkuyo har numfashinta yana taɓa gilashin.

"Kai, dubi yadda yake zuƙa. Lukuman, wannan mai haɗamar kai ne?"