Tumbin da Ke Tsakanin Eriyoyi

Wata shida 'Yar Shiru, ɗalibar digiri na biyu, ta kwashe tana koya wa kwamfuta aiki ɗaya. Sigina irin ta wayar salula za ta taso daga eriya takwas a wannan bangon ɗakin gwaji zuwa takwas a wancan, ta ci karo da kabad da fanka a hanya, ita kuma manhajar ta gane irin lauyewar da ta yi, ta miƙe ta. Misali dubu ɗari biyu ta ɗura mata har ta ƙware.

Ranar jarrabawa Farfesa, mai duba aikinta, ya sa aka share ɗakin, ya ce wa Baba Mai Gyara, wanda ke kula da wayoyin wurin, "Je ka sha iska, yau muna da baƙo."

Baƙon malamin da zai jarraba ta ya iso, ƙato, da biro a aljihu. In bai sa hannu ba, sai baɗi.

Ta aika hoton kyanwa ta eriyoyin. Ya faɗo kan allo kamar an tauna an tofar.

"Wannan kyanwa ce ko taswira?" in ji baƙon.

Ta dubi tsakiyar ɗakin, sai ga kujerar Baba wayam. Duk awon da ta yi, yana kan kujerar nan yana gyangyaɗi, ita kuwa kunyar tashinsa take ji. Ashe manhajar ta ɗauka tumbin Baba ma wani ɓangare ne na ɗakin.

Baba ya yi nisa, wayarsa a kashe. Ta saci kallon cikin baƙon, ta auna da ido.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa baƙon, murya can ƙasa, "ko za ka ɗan zauna can?"

"Ke!" in ji Farfesa.

Amma baƙon ya zauna. Kunnuwan kyanwa suka fito.

"A ɗan zame ƙasa," in ji ta. "A saki ciki."

"Na saki."

"Ranka ya daɗe, da saura."

Ya dubi silin, ya ja numfashi, ya saki gaba ɗaya, maɓallin riga ya yi tsalle ya bugi kabad. Kyanwa ta bayyana har da gashin baki.

Da ta yi masa bayani, dariya ta hana shi tashi. A kan kujerar ya sa hannu.

"Kin ci, 'yata. Amma ki sake awo da sirara, da dogaye, da ɗaki ba kowa. Kamfanin waya ba zai iya ajiye irina a kowace unguwa ba."