Koren Ganyen Rake

"Wannan ai koren miyar kuka ne," in ji Malam Yahuza, ya ture murfin gwangwanin da yake dama fenti a ciki. "Ni na ganyen rake nake nema, na sassafe, kafin rana ta taɓa shi."

Suwaiba ta yi dariya, duk da tarin da ya sarƙe shi ya tsorata ta. Katanga ce kawai tsakanin gidajensu a Makarfi. A da shi ke zana bangon littattafai da hannu, kafin kwamfuta ta zo ta cika kasuwa da ja da ruwan hoda masu kashe ido, aka manta da shi kamar tsohon takalmi. Ita kuwa malamar firamare ce, ta rubuta littafi a kan mahaifinta Sama'ila, manomin rake da ya rasu bai bar ko hoto ɗaya ba. Malam Yahuza kaɗai ya rage wanda ya san fuskar, kuma ya iya zana ta, shi ya sa ta roƙe shi ya zana mata bangon littafin.

"Baba, kowane kore ma ya yi. Ka huta."

"Ubanki bai tsaya a cikin kowane kore ba, 'yar nan."

Ranar Talata da la'asar ya ƙwala mata kira ta kan katanga, muryarsa a shaƙe.

"Na same shi! Ga Sama'ila nan tsaye a gonarsa, har da wushiryar. Bari ya bushe, gobe ki ɗauka."

Da asuba ya cika.

Ana dawowa daga maƙabarta ta ji ƙauri. Ta shiga gidan Malam Yahuza ta tarar da ƙaninsa Ukasha a tsakar gida, yana tura takardu cikin wuta da kara. Mutumin da duk jinyar nan ko kunu bai taɓa aikowa ba, yau shi ne mai tausayi.

"Kawu, akwai nawa a ciki! Don Allah!"

"Duk surar mai rai ce, Malama. So kike a ce ya hura musu rai ranar lahira? Sauƙi muke nema masa."

Ta durƙusa tana tonon tokar da hannu. Gefen takarda ɗaya ta gani, kore shar, yana naɗewa yana baƙi.

A bakin ƙofar ɗakinsa murfin gwangwanin na nan a ajiye. Koren ganyen raken ya bushe a ciki, da sawun yatsa a tsakiya. Ta ɗauka, ta ƙulle a bakin mayafinta.