Keken Baba a Gidan Tarihi

Yayana in ya yi ƙarya ba ya barin ta tsirara, sai ya ɗinka mata riga da hula. Bayan rasuwar Babanmu, wanda tela ne tun kafin a haife mu, Yaya ya zo gida ya loda keken ɗinkinsa a bayan mota. Ya ce wa Inna wai gidan tarihi na babban birni ne suka roƙa, za su sa shi cikin gilashi duniya ta gani. Inna ta yi kuka ta sa masa albarka. Gaskiyar magana kuwa, so yake ya mayar da ɗakin ɗinkin falo, keken kuma da ya tare masa wuri a gareji sai ya kira masu sayen tsohon ƙarfe. Matarsa ce ta tsegunta mini, ni kuma na ja bakina na yi shiru, don ba ni zan fasa wa tsohuwa zuciya ba.

Ana nan sai Inna ta zo birni ganin likitan ido. Aka yi mata sabon tabarau, ta saka, ta dubi Yaya ta ce, "To, alhamdulillahi. Gobe sai ka kai ni in ga keken Babanku."

Yaya ya ƙware da shayi. Ni kuwa na ce, "Ai kuwa da ni za a je." Wallahi ko aiki ne zan rasa, ba zan bari wannan kallo ya wuce ni ba.

Dabarar Yaya ita ce ya gajiyar da ita. Birnin nan gidajen tarihi kamar me, kowanne da matattakala, Inna kuma gwiwa ta daɗe da yi mata gardama. Ya fara kai mu na namun daji, inda aka cusa wa zaki auduga aka sa masa idon kwalba. Inna ta tsaya ta dube shi da kyau ta ce, "Wanda ya ɗinke cikin nan ba tela ba ne." Daga nan muka tafi na zane-zane. A wani bango guda an rataya farin allo da ɗigon ja a tsakiya, mutane sun kewaye shi sun riƙe haɓa. Yaya ma ya riƙe tasa, ya ce wannan hoton yana nuna kaɗaicin ɗan Adam. Inna ta tambayi mai gadi yaushe za a ƙarasa fentin.

A na uku rabin akwatunan gilashin ba komai ciki sai ɗan kati mai cewa an kai gyara. Yaya ya ga samu, ya ce, "Kin gani ko, Inna? Wataƙila namu ma yana wurin gyara."

"Gyaran me? Lafiyarsa ƙalau ya bar gida."

Gwiwar da ake jira ta gaza kuwa ko gezau. Yaya ne ya dawo yana ɗingishi, takalmin gayu ya ci masa dunduniya. Inna ta riƙe jakarta gam, ciki har da tsumma da 'yar kwalbar man keke, wai ko ma'aikatan ba su san yana son mai ba.

Da dare ya yi, Yaya ya shiga banɗaki da waya. Gidansa bangon kamar takarda, komai na ji. Wani abokinsa yake kira, mai yi wa baƙi jagora a gidan tarihin sana'o'i da sufuri, wanda ake ce wa Farfesa saboda ba ya taɓa cewa bai sani ba.

"Ka rufa mini asiri. Gobe zan kawo tsohuwata. Ka nemo wani tsohon keke baƙi, ka ce na marigayi mijinta ne. Ta ɗan nesa za ka nuna mata, idonta ba shi da kyau."

Ka ji fa! Matar da ta gano ɗinkin cikin zaki.

Washegari Farfesa ya tarbe mu a bakin ƙofa da kwat da ɗan sanda na nuni. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce duk ma'aikata sun san labarin marigayi. Inna ta yi ta godiya, tana yi musu sannu da ɗawainiya. Muka bi shi. Muka wuce ɗakin maƙera, muka wuce na masaƙa. Da muka zo ƙofar ɗakin ɗinki Yaya ya rage tafiya, amma Farfesa ya miƙe abinsa bai ko waiga ba. Na ga Yaya ya fara share goshi.

Sai ga mu a wani babban zaure mai tsofaffin motoci da kan jirgin ƙasa. Farfesa ya tsaya gaban wata jar igiya, ya ɗaga sanda. Bayan igiyar, baƙin keken hawa ne, da ƙararrawarsa da fitilarsa da kariyarsa ta ɗaukar kaya.

"Ga shi, Mama," in ji shi. "Keken marigayi."

Yaya ya yi tari, ya ƙifta ido, ya taka masa ƙafa. Ina! Farfesa in ya kunnu ba mai iya kashe shi.

"A kan wannan sirdi marigayi ya ratsa duwatsu da koguna. Dubi fedar nan yadda ta siɗe, wannan aikin ƙafarsa ne. An ce idan ya kaɗa ƙararrawar nan, tun daga bakin gari ake sanin ya dawo."

Babanmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa hawa keke ba. Ko goya shi aka yi sai ya runtse ido yana salati.

Wasu baƙi suka taru suna ɗaukar hoto. Wata mata ta dafa kafaɗar Inna ta ce lallai mijinta jarumi ne. Ni dariya ta cika mini ciki har da hawaye, sai da na dubi fuskar Inna, dariyar ta koma. Tausayinta ya kama ni, na ji kamar in shaƙe Yaya a wurin.

Inna ba ta katse Farfesa ba. Ta bari ya kai aya, har da kogin da marigayi ya haye da keken a kafaɗa. Sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka iya bayani." Ta cire tabarau, ta naɗe shi a bakin mayafi, ta juya wajen Yaya.

"Inna, kuskure aka samu, ai sashen ne..."

"Ba faɗa zan yi maka ba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Da za ka bayar da shi, ka cire zaren da ke cikin allurar?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Inna ta ci gaba.

"Ranar da ciwon ya kayar da shi, hannunsa na rawa, ya ƙi in taimaka masa, sai da ya zura zaren nan da kansa. Bai samu ya yi ɗinki da shi ba. Shi na zo gani."

Ta ce mini in riƙe ta, gwiwarta ta gaji. Muka bar Yaya tsaye gaban keken, Farfesa yana tambayarsa ko ya ƙara da labarin fitilar.