Kifayen Kaka Kuramoto

"Mama, me ya sa warin gidan Kaka Kuramoto ya canza?"

"Nozomi, rufe min baki. Ba a faɗin haka a kan babba." Na ja taga na rufe, na ci gaba da ba ta shinkafarta. Shekarunta biyar.

Gidan maƙwabcin namu dama bai taɓa rabuwa da ƙarni ba. Kullum da safe tsohon yana bin bakin teku da bokiti, yana tsintar matattun kifin da ruwa ya watso. Ya shafe kifi da baƙar tawada, ya ɗora farar takarda ya daddanna da yatsu, sai siffar ta fito har ɓawo. A gefe ya rubuta rana da wurin da ya tsince shi.

"Masunta suna buga siffar abin da suka kama a takarda," ya taɓa ce min. "Ni ina buga abin da muka kashe da dattinmu."

Ran da Nozomi ta dawo daga wurinsa da ɓawon kifi a farce, na wanke ta sau uku, na hana ta komawa.

A unguwarmu allon sanarwa gida-gida yake yawo, kowa ya buga hatiminsa ya miƙa wa na gaba hannu da hannu. Ni kuwa na riƙe numfashi, na rataye wa tsohon a ƙofa na juyo. Kwana shida allon yana rataye. Kowa ya gani, kowa ya ji kunyar ƙwanƙwasawa.

'Yan sanda ne suka ɓalle ƙofar. Yana kwance a kan tabarma, ya kwana biyu da mutuwa, kifin ƙarshe yana kan tebur. Ƙudajen da suka fito, har yau ba na iya cin kifi.

Ranar kwasar shara mai ƙonuwa, ɗan ƙanwarsa ya zo daga Osaka, baki da hanci a rufe, yana cusa takardun a leda.

"Uwargida, ku yi haƙuri da ƙazantar kawu," ya ce yana rusunawa. "Shekara talatin yana tara ruɓa."

"Ba ruɓa ba ce!" in ji Nozomi. "Wannan kifin ni na danna masa ido."

Ya yi dariya, ya tura takardar da takalmi. Motar shara ta riga ta shigo layin. Na tsuguna na zaro takardar da hannuna, ba safar hannu.

Na shanya ta a inuwa mako biyu, ƙarnin bai fita duka ba. Tana rataye a zaurenmu, sama da inda ake cire takalma, da sawun takalminsa a kan wutsiyar kifin.

Idan ka zo gidana, za ka ji. Kada ka kuskura ka toshe hanci a gaban 'yata.