Yinin Kudiyas Mai Igiya

Da hantsi, da aka zagaya da tukunyar wake a zauren majalisar birnin Lamira, Kudiyas ɗan Filinos ya zura hannu ya ciro farin waken, ƙwaya ɗaya tak cikin baƙaƙe. Ya tsaya yana kallon ƙwayar a tafinsa kamar an ɗora masa kunama. Daga wannan lokaci zuwa hantsin gobe shi ne shugaban taro. Magatakarda ya rataya masa hatimin gari da mabuɗan haikalin Atina, gunkiyar birnin, a wuya, aka aza masa kambin ganye a ka.

Kudiyas matufkin igiyar jiragen ruwa ne, shekararsa hamsin da biyu, kuma ƙuri'a ce ta kawo shi majalisar tun farko. Wata bakwai ke nan yana zama a kujerar baya, ba a taɓa jin muryarsa ba in ba tari ya sarƙe shi ba. Da a wata rana ce waken ya faɗo masa, da ya sha tsiya wurin abokai an wuce wurin. Amma ranar ba wanda ya yi dariya.

Kwana biyu kafin nan, da asuba, 'yan fashin teku suka sauka a unguwar masunta da ke bayan tsauni. Suka kashe mutum tara, suka tafi da mata da yara ashirin da uku. A kan tsaunin akwai hasumiya inda ake kunna wuta in an hango baƙon jirgi, don mutane su gudu cikin ganuwa. Ba a kunna ba. Mai gadin ranar, wani Manason, sai daga baya aka kamo shi a bukkar gonar inabi. Cikin waɗanda aka kashe har da Dorkis, ɗan yayar Kudiyas, saurayi mai jirgin kamun kifi na kansa. Jiya-jiya Kudiyas ya ɗauki makararsa a kafaɗa.

A hanyar hawa filin taro ya tarar da yayar tasa, Mirina, tsaye a bakin rijiya. Ta yanke gashinta, kumatunta duk sawun farce. Mata ba sa hawa filin, nan ne iyakarta.

"An ce kai ne yau," ta ce.

"Ni ne, Yaya."

"To alloli ba kurame ba ne. Ban roƙe ka komai ba tun da aka haife ka, Kudiyas. Kada rana ta faɗi wannan mutumin yana numfashi."

Ya kama hannunta ya riƙe. Shi ma a ransa abin da yake so ke nan.

Filin ya cika fal, har kan duwatsu. Manoma sun bar zaitun a ƙasa sun zo, masunta sun zo da warin kifinsu. Aka zagaya da jinin ɗan alade aka tsarkake wuri, mai shela ya tsine wa duk wanda zai yaudari jama'a, sannan ya ɗaga murya: "Wa ke da magana?"

Telesiyas ne ya hau dutsen magana. Mai jirage huɗu ne, mai murya kamar ƙaho, irin mutanen da in sun fara zance har mai tallan ɓaure sai ya sauke tire. Ya kira sunayen matattun nan tara ɗaya bayan ɗaya. Ya kira na yaran da aka tafi da su, da shekarun kowanne. Kafin ya kai ƙarshe manyan maza na share hawaye da gefen mayafi. Sai ya juya ya nuna Manason, wanda ke durƙushe tsakanin dogarai biyu, hannuwa ɗaure ta baya.

"Me za mu tambaye shi? Wuta ta tashi ko ba ta tashi ba? Kowa ya san amsa. Ni shawarata, a ɗaga hannu yanzu, in jama'a sun yarda a kai shi kan hasumiyar da ya bari a jefo shi. Yau, ba gobe ba."

Filin ya ɗauka gaba ɗaya. Magatakarda ya sunkuyo kunnen Kudiyas. "Sai ka ce a ɗaga hannu. Ba wanda ke da ikon faɗa sai kai."

Kudiyas ya miƙe. Ya dubi Manason, wani ƙanjamammen mutum mai kunnuwa fato-fato, leɓensa a fashe, ya jiƙa gaban rigarsa don tsoro. Igiyar da aka ɗaure shi da ita ma Kudiyas ya gane ta, tufkarsa ce. Bai ji tausayinsa ko kaɗan ba. Fuskar Dorkis yake gani, da raunin da ke wuyansa lokacin da mata suke wanke shi.

Amma akwai wani dogon dutse a kasuwa, dab da rumfarsa, wanda aka sassaƙa dokokin gari a kai. Shekara talatin yana ɗaura bakin igiya a ƙarfen da ke gindinsa. Karatunsa bai taka kara ya karya ba, sai dai kowace shekara ana karanta dutsen a bainar jama'a, har ya haddace: ba a kashe ɗan gari sai alƙalai sun zauna, an cika masa tulun ruwa mai huda, ya yi magana har ruwan ya tsiyaye. Kuma ranar da ya shiga majalisa ya dafa naman hadaya ya rantse ba zai sa a ɗaga hannu kan abin da ya saɓa wa dutsen ba. Lokacin bai ɗauki rantsuwar a bakin komai ba. Wa ya yi zaton za ta zo ta tsaya masa a maƙogwaro?

"Ba zan sa ba," ya ce.

Na gaba-gaba kaɗai suka ji. Mai shela ya waigo, baki buɗe. "Me ka ce?"

"Ka faɗa musu ba zan sa a ɗaga hannu ba. A kai shi gaban alƙalai."

Mai shela ya faɗa. Sai filin ya fashe.

"Wa ya aiko wannan?"

"Kai mai igiya, koma rumfarka!"

"Ɗan yayarka fa, la'ananne! Jiya ka binne shi!"

"Nawa aka ba ka?"

'Yan majalisar da ke zaune kusa da shi suka fara jan jiki, ɗaya bayan ɗaya, har kujerar dutsen ta zama shi kaɗai. Hagnon mai gasa gurasa, abokinsa tun suna yara kuma ɗan majalisa, ya rarrafo ya ja masa riga.

"Kudiyas, kanka ɗaya kuwa? Kalma biyu ce. Ka faɗa mu tafi gida. Gobe wani ne zai zauna a nan, kuma zai faɗa. Me ka tsare?"

"Gobe na mai gobe ne. Yau ni na rantse."

"Mu ma duk mun rantse!"

"To ku ba a ba ku farin wake ba."

Telesiyas ya ɗaga hannu, hayaniya ta lafa. Ya yi magana a hankali, har da murmushi. "Ɗan Filinos, ba wanda ke zarginka da mugunta. Nauyi ne ya yi maka yawa, kai da ka saba da zare. Amma ka duba. Su wa suka yi dokar? Ba mu ba ne? Jama'ar da ta sassaƙa dutse ita ce zaune a gabanka. Kai kaɗai za ka hana mutum dubu biyu abin da suke so?"

Kudiyas bai iya irin wannan zance ba, kuma ya san in ya biye masa za a nannaɗe shi a ajiye gefe. "In kuna so ku canza ta, akwai ranar canza doka. Ba yau ba ce. Ni dai ba zan sa ba."

"To ina ƙara shawara," in ji Telesiyas, murmushin ya ɓace. "Duk wanda ya tare wa jama'a hanya, hukuncin mai laifi ya hau kansa."

Dutse na farko ya wuce ta saman kafaɗar Kudiyas. Na biyu ya same shi a gira, kambin ganyen ya faɗi, jini ya rufe masa ido ɗaya. Da ya share, sai ya ga mutanen gefen hagu sun daina ihu, sun fara gangarowa wajen Manason. Dogaran nan biyu bayin gari ne, ba za su ɗaga sanda kan 'yan gari ba sai an umarce su, kuma ko an umarce su, su biyu ne. Suna ta waigen Kudiyas.

Bai san lokacin da ya sauka daga kujerar ba. Ya kutsa, ya fizge bakin igiyar daga hannun dogari, ya zagaya ta a ƙugunsa sau biyu, ya yi mata ƙullin da ake ɗaure jirgi da shi a ranar guguwa.

"To ga mu," ya ce. Ya ɗaga mabuɗan da ke wuyansa ya kaɗa su. "Wanda zai jefa shi sai ya haɗa da ni. Da ni, da hatimin gari, da mabuɗan ɗakin Atina. Sai ku je ku yi mata bayani."

Na gaba suka ja birki, na baya suka turo su. Ba wanda yake so ya zama shi ne ya fara taɓa mabuɗan. Kudiyas ya ɗaga Manason tsaye da wuyan riga. "Tashi, kare. Ka yi tafiya. In ka faɗi ni zan fara taka ka."

Daga filin zuwa gidan kaso bai fi jifa uku ba, amma Kudiyas bai taɓa tafiya mai nisanta ba. Hanyar tana buɗewa taku ɗaya a gabansa tana rufewa a bayansa. Aka tofa masa yawu a wuya. Wani ya kira sunan Dorkis dab da kunnensa, ya sake kira. Manason na bin sa yana tuntuɓe, igiya na fizgar ƙugun Kudiyas a kowane taku.

A bakin gangare wani ya tsaya bai kauce ba. Sostiratos ne, masunci, ƙato, da mashin kifi a hannu. An tafi da matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Idanunsa sun yi ja, ba alamar ya runtsa tun ranar.

"Kwance igiyar, Kudiyas. Ba ni da rigima da kai. Ni ba ruwana da mabuɗi."

Kan mashin yana daidai cibiyar Kudiyas.

"Ba zan kwance ba, ɗan'uwa. Jibi ka zo gaban alƙalai ka faɗi duk abin da ke ranka, ni zan zauna kusa da kai."

"Jibi? 'Ya'yana suna ina jibi?"

Tambayar ta tsaya wa Kudiyas a rai. Tun safe ake magana a filin nan, an kira sunayen yaran, an yi musu kuka, amma ba wanda ya tambayi inda aka nufa da su. Ya juya ya shaƙo Manason.

"Kai. Da ka ji ihu, ka hau hasumiyar ko ba ka hau ba?"

"Na hau," in ji Manason, haƙoransa na haɗuwa. "Na makara. Suna fita na isa."

"Me ka gani?"

"Jirgi ɗaya ne, dogo. Zanen filafilinsa ja ne, da baƙin faci a sama. Kudu suka yi, ta bayan tsibirin awaki. Na faɗa wa waɗanda suka kama ni, ba su saurara ba, dukana kawai suke yi."

Kudu, ta bayan tsibirin awaki, hanyar kasuwar bayi ce, kowane masunci ya sani. Sostiratos ya daɗe yana kallon mutumin. Sannan ya tara yawu ya tofa masa a fuska, ya juya ya ruga wajen tashar jirage yana kiran 'yan unguwarsu da sunayensu. Mutum kamar arba'in suka bi shi. Ta gurbin da suka bari Kudiyas ya ja fursunansa ya wuce. Sai da ƙofar gidan kaso ta rufu a bayansu ya yi ƙoƙarin kwance ƙullin, yatsunsa suka ƙi, dole mai gadi ya sa wuƙa.

Kafin la'asar jirage biyu suka tashi, ɗaya ma na Telesiyas ne. Bayan kwana tara suka dawo da mutum bakwai. Ƙaramar 'yar Sostiratos na ciki. Matarsa da babbar an riga an sayar da su ga wasu fatake, ba a sake jin labarinsu ba.

Shari'ar kuwa an yi ta a rana ta uku, gaban alƙalai ɗari biyu da ɗaya. Aka cika wa Manason tulunsa, amma bai cinye rabin ruwan ba. Ya ce sanyi ne ya dame shi, ya sauka bukka ya sha ruwan inabi don ya ji ɗumi, barci ya kwashe shi. Bai kawo wani uzuri ba. Aka same shi da laifi, ba ko mutum goma da suka tsaya masa. Da aka zo kan hukunci, masu cewa a kore shi daga gari har abada suka rinjayi masu cewa a kashe shi da ƙuri'a goma sha ɗaya. Kudiyas yana cikin 'yan kallo, kuma da aka faɗi sakamakon sai ya ji haushi ya turnuƙe shi, don shi da an tambaye shi kisa zai ce.

Ya koma rumfarsa da tabo a gira. Wasu masu jirage suka daina sayen igiyarsa, wasu da ba su taɓa saya ba suka fara. Mirina ta rufe masa ƙofarta. In sun haɗu a hanya sai ta ja mayafi ta tsallaka ɗaya gefen, kuma ya bar ta, bai taɓa aika kowa ya ba ta haƙuri ba. Da shekara ta zagayo, dangi suka fita bayan ganuwa kai wa Dorkis mai da zuma, Kudiyas ya tsaya can nesa wajen itacen ɓaure. Mirina ta zuba nata a kan kabarin, ta ba mijinta ya zuba, ta ba sauran 'ya'yanta. Da saura kaɗan a kwalbar, ta miƙa wa 'yarta ta nuna Kudiyas da haɓa, ba tare da ta dube shi ba. Ya zo ya durƙusa ya zuba. Da aka gama kowa ya kama hanyar gidansa.